"Dokar Bature Ce, Ba Ta Allah Ba"

Jiya da yamma na hau Keke Napep daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Soro a nan birnin Katsina. Direban ya bi hannun da ba nasa ba, saura ƙiris ya kaɗe wata yarinya mai tallar gyaɗa. Na ce, "Ɗan'uwa, ka ji tsoron Allah." Ya ce, "Malam, ai wannan dokar Bature ce, ba ta Allah ba." Har yanzu maganar tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Hukunci na Allah ne, babu ja. Babu majalisar da za ta halatta riba ko giya, kuma ba a biyayya ga abin halitta cikin saɓon Mahalicci. Amma aya ta 59 a Suratun Nisa'i, bayan Allah da Manzonsa, ta ambaci majiɓinta al'amari. Me ya kawo su, in ba su da ikon tsara komai?

Malamanmu na Malikiyya suna da babin maslaha mursala: abin da nassi bai yi umarni da shi ba, bai kuma hana ba, shugaba yana iya kafa shi don kare rai, addini, hankali, zuri'a da dukiya. Sayyidina Umar ya kafa diwani, rajistar mayaƙa da albashinsu, tsarin da Farisawa suka riga mu sani. Sahabbai suka karɓa. Dokar hannun hanya ma cikin babin nan take, domin rai take karewa.

Ga ɗaya gefen, wanda muke ƙin faɗa. A shekarar 2000, zamanin Gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa, da aka ƙaddamar da shari'a a jihar nan, 'yan majalisa ne suka zartar da dokokin, alƙalai 'yan Adam suke aiki da su. A 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a nan Katsina ta soke hukuncin jefewar da aka yanke wa Amina Lawal kan zargin zina. Ba shari'ar Allah ta gyara ba, fahimtar alƙali ta gyara.

Ina roƙon limamanmu su shigar da wannan cikin huɗuba. Direban nan da alamar sujada a goshinsa, na tabbata ba ya wasa da salla. Lokacin da muka wuce, yarinyar tana durƙushe tana tsintar gyaɗarta a kan kwalta, shi kuwa bai ko waiwaya ba.