Wa ya yi wa Vegeta aski?

Daren Asabar ƙanina ya shigo ɗakina da filas a hannu, baki har kunne. Wai ya samo Dragon Ball Z, shirin katun ɗin nan na Japan, cikakke, kashi 291 cif. "Yaya, wannan tas yake, ya cika allo dam, ba irin naka mai baƙi gefe da gefe ba." Na ce to, jawo kujera. Na buɗe nasa a kwamfuta, na buɗe nawa a gefe, na tsayar da su a wuri guda, inda aka matso da fuskar Vegeta, ɗaya daga cikin taurarin shirin. A nawa gashinsa ya miƙe tsaye kamar harshen wuta har ƙarshe. A nasa an sare saman gashin, kai ka ce wanzami ne ya fara aiki aka kira shi gida. Yaron ya yi shiru, can ya ce, "Amma dai nawa ya fi haske."

Wannan "ya fi haske" ɗin ne ya sa na zauna rubutu, don ba shi kaɗai ba ne, kuma ba laifinsa ba ne.

Kamfanin Toei ne ya yi shirin, aka nuna shi a Japan daga 1989 zuwa 1996. Da hannu aka zana shi, aka ɗauka a fim mai milimita 16, kuma an auna kowane zane ne da talabijin ɗin wancan zamani, mai ƙeyar nan, wato 4:3, allon da faɗinsa bai fi tsayinsa da yawa ba. A 2007 kamfanin Funimation na Amurka ya fara fitar da shi zango-zango a DVD cikin kwali ruwan lemo, wanda masoya shirin suke kira Orange Bricks. Lokacin kowa na sayen talabijin mai faɗi, kamfanin kuma ya yi lissafin cewa mai saye ba zai so ganin baƙi a gefen allonsa ba. Sai suka datse sama, suka datse ƙasa, wajen kashi ɗaya cikin biyar na hoton ya tafi, suka buga wa kwalin tambarin cewa an sabunta shi. Kamar tela ne ka kai masa babbar riga, ya ga ba ta shiga akwati ba, ya sa almakashi ya rage ta, sannan ya caje ka kuɗin gyara.

Yankan ma da sauƙi a kan wankin da aka yi masa. Duk abin da aka ɗauka a fim yana da ɗan tsaki-tsaki kamar yashi a jikinsa, ba datti ba ne, jikin hoton ne. Suka sa manhaja ta goge shi. Ita kuwa manhaja ba ta san bambancin tsaki da siririn layin da mai zane ya ja ba. A wuraren da ƙasa ke girgiza, mutum yana tara ƙarfi, sai ka ga layin fuska ya ɓace, baki ya narke, na ɗan ƙiftawar ido. Launi kuma an ƙara masa wuta har fararen wurare suna kashe ido. Garin neman gira aka rasa ido, kuma hasken da ƙanina yake yabo ke nan.

Nawa kwafin daga wani bugu mai suna Dragon Box ne. A Japan aka fara fitar da shi a 2003, Funimation ta kawo shi Amurka a kwali bakwai daga 2009 zuwa 2011. DVD ne, ba Blu-ray ba, amma hoton cikakke ne, tsakinsa na nan, layinsa na nan. Shi ma ba waliyyi ba ne: fim ɗin ya tsufa, launi ya ɗan juya, wani wuri fatar mutane ta yi ja-ja, sama ta yi kore-kore. Sautin Japanancin kuma a toshe yake kamar rediyo cikin tulu, domin ainihin kaset ɗin sautin bai tsira a hannun Toei ba, sai wanda ke jikin fim. Abin dariya, sauti mafi kyau da ake da shi yanzu daga gidajen mutane ya fito, waɗanda suka naɗi shirin a bidiyo lokacin da ake nuna shi, masoya suka bi suka tattaro.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne sun san yadda ake yin aikin. A 2011 suka fitar da Blu-ray mai suna Level, ba yanka, ba wankin hauka, kyakkyawa ƙwarai. Kwali biyu kawai suka yi, kashi 34, suka dakatar da shi, dalilinsu wahalar aikin da tsadarsa. Bayan shekara biyu suka dawo da Blu-ray na zango-zango, an sake datse sama da ƙasa. A 2019, cikar shirin shekara 30, suka ce to ga 4:3 ɗin da kuke ta kuka, amma sai mutum 3,000 sun biya tukuna, dala 350 kowanne. Aka biya. Hoton ya zo cikakke, amma an sake wanke shi sumul kamar roba. Shekara goma sha biyu ana sayar wa mutum abu ɗaya sau biyar, kowanne da inda ya rame.

Yanzu maganar murya, inda na san za mu yi faɗa da wasunku.

Fassarar Turanci ta farko da aka nuna a Amurka a Kanada aka ɗora ta, a 1996, ita ake kira Ocean. An yi ta ne don yaran Amurka, don haka kashi 67 na farko aka tsuke su zuwa 53. A wannan fassarar ba a mutuwa, sai dai a ce an tura mutum wata duniya. Nappa, abokin tafiyar Vegeta, zai tarwatsa jirgin sama a idonka, sai ka ji wani yana cewa ga su can sun diro da lema. A rushe gini, a ce ai yau Lahadi ce, ba kowa a ciki. Baban Goku jarumin shirin, mayaƙi ne ɗan ƙaramin matsayi, suka mai da shi babban masanin kimiyya. Har shahararren ihun nan na Vegeta, inda ya murƙushe na'urar idonsa yana cewa ƙarfin Goku ya wuce dubu tara, a Japananci dubu takwas ne.

Daga 1999 Funimation ta koma ɗora murya da mutanenta a Texas, nan Sean Schemmel ya zama Goku, Christopher Sabat ya zama Vegeta da Piccolo. Wannan ce yawancinmu muka sani, ta Cartoon Network ko ta kaset ɗin nan masu fim ashirin a faifai ɗaya. Suka cire kiɗan asali na Shunsuke Kikuchi suka sa na Bruce Faulconer, wanda ba ya ɗaga ƙafa ko na daƙiƙa. Inda Japanawa suka bar shiru, iska kawai na kaɗawa mutum biyu na kallon-kallo, su sai sun cusa kiɗa ko wata barkwanci. Ra'ayinsu ɗaya da na masu yanka hoto: mai kallo ba zai iya ɗaukar abin yadda yake ba, sai an tauna masa.

Babbar ɓarnar a kan Goku aka yi ta. Gokun da Akira Toriyama, mai labarin, ya zana baƙauye ne, yaron daji, harshensa ma na ƙauye ne, kuma mace ce ke yi masa murya tun farko, Masako Nozawa, wadda aka haifa a 1936. Mutum ne mai son dambe don dambe. In ya ga wanda ya fi shi ƙarfi, daɗi yake ji, ko da duniya za ta kife. Dubi lokacin da mugu Frieza ya kashe Krillin, aminin Goku, gashin Goku ya rikiɗe ya zama ruwan zinariya. A asali abin da ya gaya wa Frieza gajere ne: shi ɗan ƙabilar mayaƙan Saiyan ne da ya zo daga Duniya don ya gama da shi, mai sanyin zuciya da fushi ya tasa. A Turanci sai ya hau mumbari yana huɗuba, wai shi ne fatan halittu, shi ne haske cikin duhu. Wannan ba Goku ba ne, Superman ne aka ara wa kayansa.

Mu da muka tashi da fassarar fim ɗin Indiya zuwa Hausa mun san wannan sana'a ciki da bai. Jarumi zai yi magana ɗaya, mai fassara ya ƙara uku daga aljihunsa, har da habaici da karin maganar da ba Ba'indiyen da ya taɓa ji. Muna dariya, muna jin daɗi, wani lokaci ma ta fi asalin armashi. Amma ba wanda zai tsaya a majalisa ya rantse cewa haka jarumin ya faɗa a Mumbai. Masu tsohuwar fassarar Dragon Ball Z kuwa rantsuwa suke yi, har su zage ka in ka ce Goku ba haka yake ba.

Duk da surutun nan nawa, ba zan ɓoye ba: in kiɗan Faulconer ya tashi lokacin da Vegeta ke tara ƙarfi, har yau tsigar jikina na tashi. Sabo ne, kuma ban ce a jefar da shi ba. Kwalayen lemon nan ma suna da alherinsu, araha ne, ba a cire komai daga labarin ba, kuma ka zaɓi kiɗan da kake so. Ta hanyarsu mutane da yawa suka ga shirin daga farko har ƙarshe.

Amma in Turanci kake so kuma kana son labarin gaskiya, nemi Dragon Ball Z Kai, wanda aka fara a 2009. An zubar da ciko, abin da ya ci kashi 194 har ƙarshen faɗan da aka yi da mugu Cell ya dawo 98. Su Schemmel da Sabat ɗin ne dai, amma bayan shekara goma suna aikin, muryarsu ta nuna, fassarar kuma ta bi asali. Frieza kaɗai ya isa hujja. A da kakkaurar murya irin ta tsohuwa aka ba shi. A Kai marigayi Chris Ayres ya yi shi yadda yake a Japananci: mai ladabi, mai lafazi kamar ɗan sarauta, yana girmama ka da baki yana shirin kashe ka. Na fi jin tsoron wannan sau goma.

Da na gama wa ƙanina wannan dogon bayani, ya miƙo filas ɗinsa ya ce in tura masa nawa. Ina cikin turawa ya ce, "Yaya, amma da kiɗan Faulconer ko?" Na ce Dragon Box ba shi da shi, na Kikuchi ne kawai. Ya zare filas ɗinsa tun bai kai rabi ba.