Sunan da ke jikin kwalin DVD ba shi ne ingancinsa ba

Mutane da yawa in za su sayi faifan DVD na ɗora bidiyo sai su duba sunan kamfani kawai, wai tunda babban suna ne ai shikenan. To ba haka abin yake ba fa. Yawancin waɗannan kamfanonin ba su suke ƙera faifan ba, sayowa suke daga masana'antu irin su CMC Magnetics ko Ritek na Taiwan su manna sunansu, shi ya sa za ka sayi kwali ɗaya yau ya yi kyau, na gaba kuma ya riƙa tsayawa a tsakiyar fim alhali suna ɗaya ne.

Abin dubawa shi ne lambar MID da ke cikin faifan, wato lambar da ke nuna masana'antar da ta ƙera shi, manhaja irin ImgBurn tana nuna ta kyauta da zarar ka saka shi a kwamfuta. In ka ga MCC, wato faifan kamfanin Verbatim mai sinadarin AZO (sinadarin da bayanai ke zama a kansa), wannan ana yaba shi sosai. Taiyo Yuden na Japan ma haka, sai dai sun daina ƙerawa tun 2015. Ko a Verbatim ɗin ma ka tabbata an rubuta AZO a kwalin, don suna da na araha da ba shi ba ne.

Kuma don Allah kar a ajiye bidiyo mai muhimmanci a DVD-RW, na gogewa ne a sake ɗorawa. DVD-R ko DVD+R mai 4.7GB ya wadatar, ka ɗora a gudun 8x ko da an rubuta 16x, ka yi kwafi biyu, sannan ka nisanta su da rana da danshi don su ke cinye sinadarin.