Talas: Yaƙin da aka ɗora wa nauyin da ba nasa ba

Duk wanda ya leƙa tarihin ƙarni na 8 zai ci karo da yaƙin Talas na shekarar 751. A bakin kogin Talas, wajen iyakar Kazakistan da Kirgistan ta yau, rundunar Abbasiyawa ƙarƙashin Ziyad bin Salih ta gwabza da ta daular Tang ta ƙasar Sin, wadda Gao Xianzhi ke jagoranta. Ana tsaka da fafatawa Turkawan Karluk suka juya wa Sinawa baya, rundunar Gao ta watse. Daga nan ake cewa wai ranar ce aka kori Sin daga tsakiyar Asiya, kuma fursunonin yaƙin ne suka koya wa Musulmi yin takarda.

Ni a ganina an zuzuta lamarin fiye da kima.

Abbasiyawa ba su bi Sinawa gabas ba, don gida bai zauna ba. Shekara guda ke nan da kifar da Umayyawa. Shi kansa Ziyad bai ci moriyar nasararsa ba, maigidansa Abu Muslim ya sa aka kashe shi, shi ma Abu Muslim halifa Mansur ya gama da shi a 755. Sinawa kuwa ko gezau, sansanoninsu na yamma suna nan daram.

Abin da ya karya Tang daga cikin gida ya fito. A ƙarshen 755 wani janar ɗinsu, An Lushan, ya yi tawaye. Ya ci birnin Luoyang, a 756 ya ci babban birni Chang'an, Sarki Xuanzong ya tsere zuwa Sichuan. Dole aka janye sojojin da ke gadin yamma su zo ceton gida, 'yan Tibet suka samu ƙofa a buɗe, har suka shiga Chang'an a 763. Wannan ne ya raba Sin da tsakiyar Asiya, ba kwanaki kaɗan na faɗa a bakin kogi ba.

Batun takarda ma haka. Fatake 'yan Sogdiya, mutanen yankin Samarkand, suna rubuta wasiƙu a takarda tun ƙarni na 4. Abin da ya sa ta bazu shi ne buƙatar sabuwar gwamnati. Mansur ya kafa Bagadaza a 762, magatakarda suka yi yawa, haraji na son a rubuta shi. Fata tana da tsada, kuma marar gaskiya zai iya kankare lamba a jikinta ya sa wata. Takarda kuwa shan tawada take yi, in aka taɓa sai an gane. Mai karɓar haraji ba ya buƙatar fursunan yaƙi ya nuna masa amfanin wannan. Zuwa zamanin Haruna Rashid, ofisoshin halifa sun koma amfani da takarda, masu kwafar littattafai da masu sayar da su suka bi sahu, har suka yi kasuwarsu ta kansu a cikin Bagadaza.