Cikin da ya ƙi sauka: Guangzhou da Kano

Shekarata bakwai ina harkar kaya a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, amma sai bara na fara taka asibitin maganin gargajiya na Sinawa. Wani abokin kasuwancina na raka, wanda ciwon suga ya daɗe a jikinsa. Loma uku zai yi ya ture kwano, da la'asar kuma ka ji yana gyatsar abincin safe. Sugan ne ya taɓa jijiyar da ke sa tumbi ya murɗa ya tura abinci gaba. Abin tsoron shi ne ya yi allurar insulin, abinci bai sauka ba, suga ya faɗi warwas.

Likitar ta ɗora yatsu uku a wuyan hannunsa, ta ce ya fito da harshe. Sai kuma ta nemi takardar gwajin sugansa, ta zauna ta karanta. Nan ne na gyara zama.

Ta rubuta masa Banxia Xiexin Tang, haɗin wani tsohon likitan Sinawa, Zhang Zhongjing, haɗin da ya kai shekara 1,800 a duniya. Abu bakwai ne, har da busasshiyar citta da wani ɗan itace ɗan'uwan magaryarmu. Shi banxia, saiwar da haɗin ya ci sunanta, ɗanyensa guba ne, sai an sarrafa shi. A gabanmu aka auna kowanne a ɗan sikeli, giram kaza, giram kaza, aka rubuta a jikin leda. Aka kuma caka masa siraran allurai a ƙasan gwiwa, wurin da suke kira Zusanli. Da za mu fita ta ce kada ya kuskura ya ajiye insulin, kuma ya riƙa cin abinci mai ruwa-ruwa kaɗan-kaɗan.

Ni fa ban ɗauki saiwar Sinawa da wata karama ba. Yawancin gwaje-gwajen da aka yi wa haɗin nan ƙanana ne, kuma a ganina rabin sauƙin da abokina ya samu, kunun shinkafar da ya koma sha ne ya kawo shi. Muna da zogale, muna da garafuni, citta kuwa ko a shayi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne awo, da sunan likita a takarda, da dokar maganin gargajiya da suka fara aiki da ita a 2017.

Kawuna a Kano irin wannan kumburin ya yi. Mai mota da lasifika ya ce masa basir ne, ya sayar masa da gora ɗaya mai maganin basir da sanyi da suga, ya ce, "Alhaji, bar na Bature, wannan ya isa." Ya bari. Kwana goma aka kwashe shi ranga-ranga zuwa asibiti. Da likita ya tambayi me ke cikin gorar, aka juya ta gaba da baya, babu komai sai lambar waya.