Na Sayi Gem Don Ya Tsare Yara, Ni Ya Tsare

Madubin motar Alhaji maƙwabcinmu ne ya jawo komai. Wata Asabar da la'asar, farkon dogon hutu, ina kishingiɗe a falo sai na ji "tas!" daga waje, daga nan lungun ya yi tsit. Duk wanda ya haifi 'ya'ya maza ya san irin wannan shirun. Lungun da tun safe ake ihu kamar tashar Kawo, a ce lokaci guda ko tari babu, ai ka san aljihunka ne ke cikin haɗari. Ba a yi minti biyar ba na ji sallama. Ga Alhaji tsaye, ƙwallo a hannun dama, madubin gefe a hannun hagu yana reto da wayoyinsa. Bai ce komai ba, ni ma ban tambayi ko ɗan wane ne ba, domin Abba na raɓe a bayan ƙofa yana nazarin yatsun ƙafarsa.

Na biya. A daren nan na yanke shawara.

Akwai wani abokin aikina da kullum yake mana alfahari a ofis, wai tun da ya saya wa yaransa gem, ko aike sai an yi da gaske suke fita. Ni a lokacin yabo na ɗauki maganar. Na lissafa abin da nake kashewa a sabulun wanki, da silifas ɗin da ke ɓacewa duk mako, da maganin ciwon gwiwa, na ɗora kuɗin madubi a kai, na ga ai gem ma araha ne. Ranar Litinin daga wurin aiki ban zame ko'ina ba sai babbar kasuwar Kaduna, ta Sheikh Abubakar Gumi. Na fara taya PlayStation 5, da mai shago ya faɗi kuɗin sai na ji bakina ya yi salati da kansa. Muka sauko kan ta huɗu, ta hannu. Ya ce mini duk da tun 2013 ta fito, har gobe ita ke riƙe da shagunan gem na unguwanni. Ya haɗa mini da hannu biyu, wato abin da ake riƙewa ana dannawa, ya zuba wasan ƙwallo da na tseren mota, ya nemo wani tsohon kwali mai kyau ya saka ta ciki don ta yi kwarjini.

Ku riƙe zancen kwalin nan, za mu dawo kansa.

Da na shigo gida a Badarawa, Maman Abba ta dubi kayan, ta dube ni. "Baban Abba, wannan kuma nawa?" Na ce ke dai ki sa albarka. Ta ce, "Allah ya sa albarka. Firijin ma dai wata uku ke nan yana jiran albarkar." Na yi kamar ban ji ba.

Ranar farko kam na ji daɗin kuɗina. Na ƙirga takalma goma sha bakwai a ƙofar falo, ban da waɗanda suka zo ba takalmi. Sai dai hannu biyu ne, yara kusan ashirin. Kafin magariba an yi dambe sau uku, an kifar da kofin kunun gyaɗa a kan kafet, wani ɗan ƙaramin da ban ma san gidansu ba ya yi barci a kan kujerata. Rana ta biyu, Abba na gab da buga fenareti aka ɗauke wuta. Na tashi janareta. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 nake lallaɓa injin nan kamar tsohuwa mai hawan jini, ba ya tashi sai za a guge kayan Juma'a, amma ranar ya yi awa huɗu yana ruri don wasu 'yan wasan ƙarya su yi gudu a cikin talabijin.

Rana ta uku na dawo da jarkar mai a hannu, ina jin kaina uba na gari. Falo wayam. Gem na zaune a ƙarƙashin talabijin, hannayen biyu a yashe. Abin da babu shi ne kwalin. Na leƙa waje, sai ga shi an yanka masa taga, an yi masa tayoyi da tsofaffin silifas, an ɗaura igiya, Auta na zaune a ciki kamar gwamna, yara huɗu na ja, biyu na jiniya da baki. Wato a duk abin da na sayo, abin da mai shago ya ba ni kyauta ne ya karɓu.

Na tara su da daddare na nemi bayani. Abba ya ce, "Baba, mutum biyu kaɗai ke yi, sauran sai kallo. A waje kowa na ciki." Ummi ta ce ita dama ba ta ga abin so ba, 'yar gala-gala ta fi, ko carafke. Auta ne ya kashe bakina. Ya ce, "Baba, a gem in ka ci ƙwallo ba inda za ka ruga." Na buɗe baki zan yi jawabi a kan tsadar rayuwa, na rasa ta inda zan fara.

To, kada kuɗi su tafi a banza, sai na ce bari na riƙa taɓawa. Gwaji kawai. Ba zan tsawaita wannan babin ba, don ba babin alfahari ba ne. Ya isa a ce cikin mako biyu na kai wata ƙungiya wasan ƙarshe, babban yatsana ya yi kanta, kuma sau biyu liman yana tambayata ko lafiya bai gan ni sahun Asuba ba. Wani dare, wajen ƙarfe biyu, alƙalin wasa ya hana ni fenareti, na miƙe tsaye ina nuna talabijin da yatsa ina cewa bai ji tsoron Allah ba. Ina juyawa na ga Maman Abba a bakin ƙofa, ta harɗe hannu. Ta ce, "Sannu da tarbiyyar yara." Ta koma ta kwanta.

Na kai ƙara majalisarmu ta wurin mai shayi, ina neman a taya ni jimamin yaran zamani da ba su san darajar abu ba. Ba wanda ya taya ni. Mai shayin ma, yana fifita wuta, ya ce, "Yallaɓai, 'yan ƙwallon da suka ciyo mana zinare a Atlanta a 1996, su Daniel Amokachi, Tijjani Babangida, Garba Lawal, Celestine Babayaro, duk 'yan garin nan ne. Wanne ne a cikinsu ya koyi ƙwallo da yatsa?" Aka kwashe da dariya. Na ce ya sa mini madara ya daina siyasa.

Ranar da abin ya faru, an yi ruwa da safe, irin ruwan Agustan Kaduna da ke mai da lungu jar laka. Da yamma na sayi mai, na tashi inji, na ce yau ko ana ha maza ha mata sai yaran nan sun zauna sun ci kuɗina. Na fita kiran su da fuskar shanu. Na same su a filin bayan masallaci ana langa.

Nan ne shaiɗan ya samu ƙofa. Ni Tudun Wada na tashi, kuma a zamaninmu in ana maganar langa a layinmu, to da ni ake. Na tsaya ina kallo, raina na ɓaci, ba don sun ƙi gem ba, sai don yadda suke wulaƙanta wasan. Wani ya riƙe ƙafa a idon sawu, wani na sauya ƙafa in an kau da ido, ruwan nasu kuwa, wato wanda ake so ya kai wurin sha a ci wasan, an bar shi ba mai kare shi. Na ce, "Kai, kai! Haka ake langa? Babban yatsa ake kamawa ta baya! Kuma ruwa ba ya fita shi kaɗai, sai an share masa hanya!" Suka tsaya cirko-cirko. Sai Abba, ɗan da na haifa, na yanka masa rago, ya ce a gaban jama'a, "Baba, ai kai ba za ka iya ba."

Da mai hankali ne da ya yi murmushi ya koma gida. Ni kuwa na cire hula na miƙa wa Ummi, na naɗe ƙafar wando, na ce ni ne ruwa.

Abin da na manta shi ne, rabona da langa shekara talatin, kuma a tsakanin nan an samu ƙarin tumbi wanda bai san dokar wasan ba. Kama yatsan kaɗai sai da na dafa bango. Amma da na fara tsalle, wallahi na ji wani abu ya dawo. Ɗaya, biyu, uku, na kauce wa wani, na ture wani da kafaɗa ya saki ƙafa, yara suka ɗauki ihu, "Baban Abba! Baban Abba!" Mata suka fara leƙowa ta katanga. Na hango wurin sha, bai fi taku shida ba. Har na fara tsara yadda zan ba da labarin a majalisa.

Ban ga yaron ba. Ɗan ficici ne, bai wuce shekara tara ba, ɗan autan Alhaji mai madubi. Ta ƙasa ya zo, ya sa mini kafaɗa a daidai inda tumbin ya fi nauyi. Ƙafar da nake tsaye a kanta ta bi laka, ni na bi ƙafar, mu duka muka bi kwata. Ruwan safe bai gama wucewa ba. Abin takaicin, wai har ina ciki ban saki yatsan ba. Girma ya faɗi, raƙumi ya shanye ruwan 'yan tsaki.

Mutum huɗu suka ciro ni, ciki har da ladan. Aka tare Keke Napep, mai keken ya dube ni ya shimfiɗa buhu kafin na zauna. A can gida kuwa janareta na ta shan mai, ba kowa a falo.

Mai ɗori ya murza idon sawun, na kira sunan kakata da ta rasu tun ina firamare. Ya ce targaɗe ne mai kyau, sai na yi mako uku ban taka ba. Sannan ya tambaya, "Babur ne ya buge ka, Alhaji?" Na ce kusan haka ne. Auta, wanda ba wanda ya gayyace shi, ya ce, "A'a, langa ce! Kuma bai sha ba!"

Washegari surukina ya zo dubiya, dattijo mai kamala wanda ban taɓa ganin haƙoransa ba. Ya zauna, ya yi addu'a, ya tambayi Maman Abba yadda aka yi. Ta sunkuyar da kai cikin ladabi ta ce, "Baba, wajen hana yara wasa ne." Ya ce Allah ya ƙara kiyayewa. Na lura kafaɗunsa na rawa lokacin da yake neman takalminsa, kuma ya daɗe ƙwarai yana nema.

Yau kwana goma sha ɗaya ke nan ina falo, ƙafa a kan matashi, ga gem a gabana, ga sandar dogarawa a gefe. Maman Abba ta ce a ƙalla dai kuɗin bai tafi a banza ba, an sayo abu don ya zaunar da mutum a gida kuma ya zaunar. Mai kuwa ta ƙwace jarkar, sai in an kawo wuta. Ɗazu an kawo, na kunna, ina cikin minti na tamanin ana ɗaya da ɗaya aka ɗauke. Ina zaune ina kallon baƙin gilashi sai na ji ana ƙwanƙwasa taga. Abba ne, da laka har goshi, bayansa yara sun kai goma.

"Baba, tunda ba inda za ka, ara mana sandarka. Turken raga ɗaya muke nema."