Amarya ta iya samosa, tuwo ya gagare ta

Assalamu alaikum 'yan uwa mata, musamman na nan cikin Katsina da kewaye. Maganar da zan yi yau ba kowa za ta yi wa daɗi ba. Wadda ta ji zafi ta yi haƙuri, ba da ke kaɗai nake ba, da mu duka nake.

Mun wayi gari yarinya tana shirin aure, an biya mata kuɗin ajin girki a WhatsApp, ta koyi samosa, ta koyi shawarma, har kek mai hawa uku ta iya, amma a miƙa mata tiya ɗaya ta dawa a ce ta fitar da tuwon dare, sai ido ya raina fata. Ni ban ga laifin yarinyar ba. Laifin namu ne da muka iya, muka ɗauka tuwo ba abin koyarwa ba ne, kamar duk 'ya mace da muciya a hannu ake haihuwarta. Samosa sai da azumi ko ranar da aka yi baƙi. Tuwo da miya kuwa kusan kowane dare ne, kuma shi ne ba mai buɗe masa aji.

Da can ba a buƙatar aji saboda gidan ne makarantar. A manyan gidajen cikin gari, irin na wajen Ƙofar Soro, Yammawa ko Rafindadi, murhu a tsakar gida yake, kishiyoyi da facaloli kowa na ganin tukunyar kowa. Yarinya ta tashi da surfe, da bakace, da kai niƙa, da fifita wuta, kafin a ce ta tuƙa ta riga ta ga an tuƙa sau ba adadi. Da magariba a fitar da kwanuka zaure a yi ciyayya, tuwon da ya yi gudaji kowa ya san daga ɗakin da ya fito. Yanzu yarinya tana boko tun safe, da yamma Islamiyya, daga nan sai Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko kwalejin Hassan Usman, kuma alhamdu lillahi da hakan, ba na so a mayar da kowa gindin murhu. Amma tunda zaman kallon ya ƙare, dole abin da ake ɗauka da ido a koma faɗarsa da baki, a kuma rubuta shi.

A nan gizo ke saƙar. Ki tambayi Inna ko Gwaggo yawan kanwar da ake sa wa ɗanwake, amsar ita ce "ki zuba daidai misali". Misalin wa? Ita shekara arba'in hannunta na aunawa, ke jiya aka kai ki ɗaki. Mu da muke tsakiya, muka ga girkin murhu muka kuma riƙe waya, mu ne ya kamata mu mayar da wannan misalin zuwa kofi da cokali, mu haɗa da dalili.

Ga tuwon dawa. Yawancin masu kuka da shi a talge suke faɗuwa. Da ruwan sanyi ake dama talge, a zuba cikin tafasasshen ruwa ana juyawa, sannan a bar shi ya dahu sosai har warin ɗanyen gari ya tafi. Wadda ta yi gaggawar zuba gari kafin talge ya nuna, tuwonta zai yi kyau a ido, amma kafin safe ya saki, ɗumamen ma ba zai yiwu ba. Garin kuma kaɗan-kaɗan ake barbaɗawa ana tuƙawa, a rage wuta, a rufe ya turara, a sake tuƙawa kafin a kwashe da mara. Ɗan ruwan kanwa a talge yana ƙara masa danƙo, amma in ya yi yawa sai launi ya canza, ɗaci ya fito. Kuma kaura daban, farafara daban, kowace da yadda take shan ruwa, shi ya sa amaryar da ta saba da guda in aka canza mata sai ta ɗauka hannunta ne ya lalace.

Miyar kuka kuwa an raina ta ne kawai don tana da araha. Ki duba kukar tukuna: mai kyau kore ce shar, wadda aka shanya a inuwa. In ta yi ja ko ta dusashe, rana ta cinye ta ko ta kwana biyu a buhu. Daɗin miyar ba a kukar yake ba, a ruwan miyar yake. A daka daddawa da citta da masoro da barkono, a sa wake kaɗan da ƙashi ko busasshen kifi, a bar su su yi ta dahuwa har waken ya narke, ƙarnin daddawar ya koma ƙamshi. Sai a rage wuta a kaɗa kuka da maburgi, minti kaɗan ya isa, kada a rufe tukunyar. A sauke, a kawo soyayyen man shanu. Wadda ta ci wannan ba za ta ƙara cewa miyar talaka ba.

Bari in ɗan tsaya a kan daddawa, don abin yana ci mini tuwo a ƙwarya. Na ga masu koyar da girki suna jefa dunƙule shida, bakwai a tukunya ɗaya, su ƙara da farin magi, su ƙara gishiri, sannan su toshe hanci in an ambaci daddawa. Babban abin da ke cikin dunƙulen nan gishiri ne, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, ga hawan jini ya cika gidaje. Daddawa kuwa daga kalwa take, 'ya'yan ɗorawa da aka dafa tsawon sa'o'i, aka cire ɓawon, aka rufe kwana biyu zuwa uku suka ruɓa yadda ake so. Abinci ce da kanta, tana gina jiki. Ban ce a jefar da dunƙule ba, ni ma ina sawa. Amma in daddawa ta dahu yadda ya kamata, biyu sun ishe ki inda kike sa shida. Abin takaicin shi ne itacen ɗorawa yana ta tafiya a gawayi, shi ya sa ta waken suya ta cika kasuwa, kuma wadda ta san ta kalwa ta san ba ɗaya ba ne.

Ɗanwake, yadda nake yi: garin alabo kofi 2, garin wake kofi 1, kuka babban cokali 2, a kwaɓa da tataccen ruwan kanwa, ba ruwa-ruwa ba, ba tauri ba. Sai ruwa ya tafasa ake jefawa, in ya taso sama a ba shi 'yan mintuna, a tsame cikin ruwan sanyi. Shi ke nan, ba wani asiri.

Na faɗi haka ne saboda rowar da ta shigo mana. Mace ta ɗora hoton dambu a Facebook, zogale ya ji, mai na ƙyalli, a tambaye ta yadda ta yi, sai ta ce a biyo ta ta bayan fage, can kuma a tarar da lambar asusu. Sana'a halal ce, wadda ta kashe kuɗi ta koyo kek ta karɓi haƙƙinta, ba ni da ja. Amma dambun da kika koya kyauta a gindin madambacin kakarki, shi ma sai an biya? Wata ma ko kin biya sai ta ɓoye abu ɗaya, don kada naki ya kai nata. A bakin iyayenmu ban taɓa jin haka ba. In miyar maƙwabciya ta burge su, washegari za su aika yarinya ta tambayo, kwanon ya dawo da bayani har da ɗanɗano.

Ga kuma halin da ake ciki. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin cefane ya daina isa, manoman wajen Batsari, Safana da Faskari da yawa rashin tsaro ya raba su da gonakinsu. A irin wannan lokaci matar da ke zuwa 'Yar Kutungu da kuɗi ƙididdigaggu ba girkin da ke cin kaza biyu da madarar gwangwani take nema ba. So take a nuna mata yadda kwaɗon rama ko na tafasa da ƙuli-ƙuli zai ƙosar da yara, yadda ake zubar da ruwan ramar na farko don tsami ya ragu, yadda faten tsaki zai yi daɗi ba nama, yadda za ta tsince gyaɗar da ta yi fumfuna don tana cutar da hanta.

Ku kuma maza da ke laɓe kuna karantawa kuna murmushi, ban manta da ku ba. Malam, ka kawo tsohuwar dawa mai ƙwari, ka hana kuɗin man shanu, ka ce daddawa ta naira ɗari ta yi kwana uku, sannan ka zauna kana ba da labarin tuwon Hajiyarka. Je ka tambayi Hajiya abin da Baba yake ajiye mata kafin ya fita.