Kwamfutar da ba a taɓawa

A wurin aikinmu nan Kambirij ta Ingila akwai wani dattijon Bature, shi ne babba a cikin masu rubuta manhaja. Ranar wata Juma'a muna cin abincin rana sai hira ta gangaro kan kwamfutar da kowa ya fara taɓawa. Wannan ya ce ZX Spectrum, wancan ya ce Commodore 64, dattijon ya ce BBC Micro, yana faɗa yana lumshe ido kamar an ambaci budurwarsa ta fari. Da aka zo kaina na ce ni a kafe na fara, bayan na gama sakandare, ana yanka mini tikitin awa ɗaya. Sai ya ce, cikin raha dai, wai wanda bai tashi da irin waɗannan injuna ba kwamfuta ba za ta taɓa shiga jininsa ba. Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma maganar ta tsaya mini a rai.

Bari in kwatanta muku abin da suke wa wannan bege. Spectrum ɗin nan, da kamfanin Sinclair ya fitar a 1982, ɗan akwati ne baƙi mai maɓallan roba. Ba shi da allo nasa, sai an jona shi da talabijin ɗin falo. In wasa kake so, kaset za ka sa a rikoda, ka zauna mintoci yana ƙara, layuka masu launi suna rawa a gefen allo, wani lokacin a ƙarshe ya ƙi, ka mayar da kaset baya ka sake. Ƙwaƙwalwar babban samfurinsa na lokacin 48K ce, hoto ɗaya na waya ya fi ƙarfinta. Kana kunna shi ba abin da zai yi sai jiran umarninka da yaren kwamfuta da ake kira BASIC. Mujallu na buga manhaja shafi guda ko biyu, yaro ya kwafa harafi bayan harafi, ya kuskure waƙafi ɗaya komai ya tsaya, ya raba dare yana neman inda ya ɓata.

Ban musa ba, wannan wahalar ta koya musu aiki. Kamfanin Acorn da ya ƙera BBC Micro a 1981, a garin nan yake, kuma daga cikinsa ARM, tsarin ƙwaƙwalwar da ke sarrafa inji, ya fito a 1985, wanda kusan duk wayar da ke hannunku da shi take aiki. Har Raspberry Pi, 'yar ƙaramar kwamfutar koyo da aka fitar a 2012, begen wancan zamanin ne ya haife ta, don masu ƙera ta sun lura yaransu sun daina leƙa cikin inji.

To amma abin da ba sa faɗa in ana wannan hira shi ne wanda ya biya. Gwamnatinsu ce ta ɗauki rabin kuɗin kwamfutar makarantu. Gidan BBC ya ware shiri a talabijin yana koyar da jama'a. Uba ya ciro fam 175 ya saya wa ɗansa, wuta kuma ba ta ɗaukewa ana tsakiyar kwafa. A 1982 ɗin nan mu gwamnatin Shagari ta fara tsuke bakin aljihu, 1986 shirin gyaran tattalin arziki na SAP ya zo ya ƙarasa. Sannan a ce jini?

Makarantarmu ta samu kwamfuta ina aji biyar. Kun san yadda ake yi: ɗaki na musamman, a cire takalmi a ƙofa, a lulluɓe ta da zane, makulli yana aljihun malami. A allon aji muka koyi sassanta, muka haddace, muka ci jarabawa. Duk da haka ku je Farm Centre a Kano ku ga yaran da ba wanda ya taɓa saya musu komai, suna buɗe waya da ɗan sukuddireba, suna narka dalma a kan abin da ido da ƙyar yake gani, suna sauya mata manhaja kana tsaye. Ko gaisuwarsu da tsokanarsu na fi kewa a kan dukan ofisoshin garin nan. A ba waɗannan abin da aka ba yaran Ingila a 1982 a gani.

Sai dai abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya ba a nan yake ba. Bara na aika wa ɗan yayana laftof, yaron yana da kai. Da na kira in ji labari, sai aka ce tana cikin durowa, a kwalinta.

Na ce, "Yaya, ai don ya riƙa taɓawa na aiko."

Ya ce, "Kai ma ka san Abba. Kwana biyu zai kwance ta. A bari ya shiga jami'a tukuna."

Na ce in ya lalata ni zan gyara, in ta mutu in sayi wata. Ya ce kuɗin Turai ne ke ɗibata, kuma yaro ba ya sanin darajar abu sai ya jira shi. Ban iya ja da shi ba, shi ya biya mini kuɗin tikitin kafe shekarun baya. Mun dai rabu a kan za a riƙa fito da ita ranar Asabar da Lahadi, a falo, yana zaune.